Na Tsaye Ne Ya Faɗa

In dai cika baki ne, kowa a layin ya san a bar wa Injiniya fagensa. Bakanike ne, kuma babu makarantar da ta ba shi wannan suna, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a ƙofar garejinsa da jan fenti. Shekara talatin ya yi yana shiga ƙarƙashin motocin mutane a kan wani katako mai ƙananan tayoyi, kuma a yi masa adalci, ya iya aikinsa. Matsalar tana farawa ne idan ya fito ya miƙe tsaye. A nan ne zai gaya maka cewa da ya ji tarin mota daga kwana yake sanin shekarun direbanta.

Bakin nan nasa ne ya ja masa ranar Lahadi. 'Yarsa Auta ta zo gaisuwa da mijinta da iyayen mijin, aka zauna a falo. Uban mijin ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya shafa bango, ya ce gaskiya an yi gini mai kyau. Injiniya ya ji an sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Ya miƙe, don ba ya iya yin alfahari a zaune.

"Da hannun nan biyu na tayar da shi," in ji shi. "Daga tushe har rufi, ni kaɗai."

"Ai da taimakon Maman Auta dai," in ji uwar mijin.

"Wa? Ita? Ko bulo ɗaya ba ta taɓa ɗagawa ba. Tana can inuwa tana fifita."

Dariya ya nema, ya kuma sami 'yar kaɗan. Amma Maman Auta tana bakin ƙofa da tiren shayi a hannu. Ta ajiye shi a hankali, ko kofi ɗaya bai yi ƙara ba, ta juya ta fita. Rani biyu cur matar nan ta yi tana jido ruwa daga rijiyar ƙarshen layi, bokiti a ka, Auta a goye, ban da yashi da bulo. Har yau ba ta iya waiwayawa hagu sai ta juya da dukan jikinta.

Da baƙi suka tafi ta jawo tsohon akwatinta ta ajiye a tsakiyar falo, ta buɗe shi.

"Baban Auta, a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka janye. In ba haka ba, ranar Asabar da ƙarfe huɗu Auta za ta zo da mota. Ta daɗe tana roƙona in koma wurinta, ga ɗaki ta gyara."

"Haba, wasa fa nake yi!"

"To ka ci gaba da wasa," ta ce, ta ninke zane ɗaya ta saka a akwatin.

Washegari yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, baƙin mai na ɗiga masa a goshi, sai abin ya dawo masa. Ya ɓalle maɓallin aljihun ƙirjinsa ya zaro wani hoto da ya kusa cinyewa don tsufa. A ƙarƙashin mota kaɗai yake duba shi, inda ba mai ganinsa. Ga ta nan a ciki, bokiti a ka, goyo a baya, siminti har gwiwa. Ga shi shi ma a gefe, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuna wani abu. Zuciyarsa ta karye. Ya ce wa kansa yanzun nan zai tsallaka titi ya ba ta haƙuri, kowa ya ji. Ya tura katakon ya fito, ya miƙe, ya karkaɗe wando. Kafin ya kai ƙofar gareji ya ji wata murya a cikinsa tana cewa, kai, Injiniya guda, a kan 'yar magana?

Ya tsaya cak. Ya koma ya kwanta, nadama ta dawo. Ya miƙe, ta gudu. Sau huɗu ya gwada, sau huɗu haka. Wani mai hankali da ya ce girman kai ne ke damunsa. Injiniya kuwa sai ya tafa hannu, ya ce ya gano abin da masana suka kasa ganowa tun da aka kafa duniya.

Ya ruga shagon Mai Aski, wanda ke jikin garejin. Tela ma yana nan a benci, ya zo hira kamar kullum, allura a maƙale a wuyan rigarsa.

"Ku saurara da kyau, don gobe za ku ce a gabanku aka fara. Mutum ba ɗaya ba ne. Na tsaye daban, na zaune daban, na kwance daban. Hankali kamar mai yake a cikin inji, in ka karkata injin sai man ya koma wani ɓangare. To wanda ya yi wa Maman Auta magana ranar Lahadi na tsaye ne. Ni ba ruwana."

Mai Aski ya tsayar da almakashi, baki buɗe. Shi mutum ne da ko ce masa aka yi kifi ya hau bishiya zai tambayi wace bishiya.

Tela ya ce, "To yanzu wa ke mana magana?"

"Na tsaye mana."

"Ashe mai laifin ne da kansa."

Injiniya ya yi maza ya zauna a benci. "To yanzu fa?"

"Yanzu na ga wanda ke cinye abincin gidan. Na tsaye ya yi zagi, na zaune ya ci girki, na kwance ya yi minshari. Ita kuma baiwar Allah wanne ta aura a cikinku?"

"Kai matsalarka ke nan, Tela. Shekara arba'in kana duƙe a kan keke, hankalinka duk ya gangaro goshi."

"Hali zanen dutse ne, Injiniya. Ko ka kifa dutsen, zanen yana nan."

"Za mu gani," in ji Injiniya.

Da yamma ya ɗauki katakonsa mai tayoyi ya shiga gida. A bakin kicin ya kwanta a kai, ya tura da dugadugansa, ya sulala ciki har ya tsaya daidai ƙafafun matarsa. Tana yanka albasa, ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

"Maman Auta, ki lura da kyau. Wannan da kike gani ba shi ne mutumin ranar Lahadi ba."

"To."

"Wancan na tsaye ne. Ni na kwance ne, ban taɓa ɓata miki rai ba tun da muke."

"Wato kai ba mijina ba ne."

"A ilmance, ba shi ba ne."

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu, ta ɗauko tsintsiya. "To bawan Allah, me ya kawo ka kicin ɗin matar mutane a kwance? Tashi ka fita tun mijina bai dawo ba. Ba shi da kirki, amma yana da kishi."

Ya so ya yi bayani, tsintsiya ta riga shi. Ya tura da ƙafa don ya kauce, ya manta cewa shi ya yi daɓen tsakar gidan da kansa, kuma ya karkace. Katakon ya kwashe shi da gudu, ya wuce ƙarƙashin igiyar shanya ya tafi da zanen gado, ya kife bahon wanki, bai tsaya ba sai da kansa ya shige akurkin kaji. Yana kwance a can, zakara na tattaka masa ƙirji, ya hango an cire bulo ɗaya daga 'yar katangar bayan gida. Ya ce a ransa awakin maƙwabta ne, zai yi maganinsu. Da ya shigo falo ya ga akwati ya kai rabi.

Duk wanda ya sha wannan da ya haƙura. Injiniya kuwa ya ce kuskuren lissafi ne kawai. Na kwance ya yi kusa da na tsaye, 'yan uwan juna ne, shi ya sa ta kasa bambance su. Abin da ake bukata shi ne a juya mutum gaba ɗaya, kai ƙasa ƙafa sama, a sami sabon mutum fil wanda bai taɓa cewa komai ba. Idan jama'a suka gani da idonsu, ita ma dole ta yarda cewa ba a kama wani da laifin wani.

Kwana biyu ba a gyara mota ko ɗaya a garejin ba. Ya karɓi tsohuwar kujerar aski a wurin Mai Aski, ya ɗaure ta a kan wani sandan ƙarfe tsakanin ginshiƙai biyu, daidai kan ramin da yake zubar da baƙin mai. Ya haɗa sarƙa da sitiyarin babbar mota, in an murza sai kujera ta juya. Ya sa bel huɗu na ɗaure mutum. Ya zana allo da alli a gefe: Na Zaune, Na Kwance, Sabon Mutum. Sai kuma abin da ya fi alfahari da shi, wata sakata da ke kulle kujerar da kanta in ta kai ƙarshe, wadda ba ta buɗewa sai da wani ɗan makulli da ya goga da hannunsa. Guda ɗaya ya yi, don kada wani ya saci fasahar.

Ranar Alhamis aka yi gwaji. Mai Aski ya hau, don kujerarsa ce, kuma an ce masa sunansa zai shiga tarihi. Aka ɗaɗɗaure shi, Injiniya ya murza sitiyari, kujera ta kwanta.

"Yaya kake ji?"

"Ina jin kamar zan yi amai."

"Madalla, tsohon mutumin ne ke shirin fita. Wane ne kai?"

"Mai Aski ne."

"Da saura," in ji Injiniya, ya ƙara murzawa.

Ƙafafun Mai Aski suka yi sama. Sai ga abubuwa na zubowa daga aljihunsa, mataji, reza, ƙwayar maganin ciwon kai, sannan wani babban almakashi mai baƙin mariƙi ya faɗo ƙasa da ƙara. Tela ya duƙa ya ɗauka, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Almakashina! Wata biyar ina nema! Har rantsuwa ka yi mini ba ka gan shi ba!"

"Aro na yi!" in ji Mai Aski daga ƙasa. "Nawa ya dakushe! Wallahi yau nake shirin mayar maka!"

Injiniya ya yi tsalle. "Kun gani? Na tsaye ya yi wata biyar yana ƙarya, sabon mutum bai yi minti ɗaya ba ya faɗi gaskiya!"

"Ba mutumin ne ya canja ba," in ji Tela, "aljihun ne ya kife."

Amma wa zai saurari Tela? Kafin rana ta faɗi labari ya zaga layi cewa Injiniya ya ƙera kujerar da ke sa mutum faɗin gaskiya. Mata uku suka zo tambayar ko ana ɗaukar mazan wasu. Mai shagon da ke kan kwanar layi ya ce zai kawo ƙaninsa. Magidanta kuwa suka fara bi ta bayan layi don kada su gifta ta gaban garejin. Injiniya ya sanar cewa ranar Asabar da ƙarfe uku da rabi shi da kansa zai hau, kowa ya zo ya kashe ƙwarƙwatar idonsa.

Ranar Juma'a ya tarar an rufe akwatin an ɗaure da igiya. Bai taɓa kwana a gidan nan babu Maman Auta ba, bai ma san inda ake ajiye gishiri ba. Ya buɗe baki. Ta tsaya tana jira, ta juyo da dukan jikinta don ta dube shi. Abin da ya fito shi ne, "Gobe za ki ga ikon ilmi."

"Allah ya kai mu," ta ce.

Asabar ta yi, titi ya cika. Wasu a kan benci, wasu a kan tsofaffin tayoyi, wasu suna leƙe ta tagogi. Injiniya ya fito cikin doguwar rigarsa ta fita unguwa, fara ƙal, da hula, da tabarau wanda ba ya ƙara masa gani. Gidansa yana tsallaken titi, daura da gareji. Maman Auta ta fito da akwatinta ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kai. Auta da mijinta sun riga sun iso, motar tana gefe, an buɗe but ɗin zuba kaya.

"Baba, don Allah ka bar wannan abin," in ji Auta. "Kalma biyu ce fa kawai."

"Koma gefe, 'yar nan. Yau za ki san wanda ya haife ki."

Ya yi jawabi na kusan minti goma, ya ce nan gaba asibitoci da kotuna za su yi layi a ƙofar nan. Sannan ya hau. Mai Aski ya ɗaɗɗaure shi, har da ɗan ƙarin matsi na ramuwa. Tela ya karɓi sitiyari, ya ce shi dai ba da yawunsa ba, amma tun da juya Injiniya za a yi, ba zai bar wa kowa ladan ba.

Kujera ta kwanta.

"Jama'a, ga na kwance! Ku yi masa tambaya!"

"Wa ya gina gidan can?" in ji Tela.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Wannan tambaya ce ta sabon mutum. Murza."

Tela ya murza da zuciya ɗaya. Sarƙa ta yi kuka, ƙafafu suka yi sama, sakata ta ce ƙas. Hula ta fara tafiya, tabarau ya bi ta. Doguwar riga ta zubo ta rufe masa fuska, ta bar wani gajeren wando mai zanen furanni yana kallon jama'a. Titi ya kaure da dariya.

"Wannan ba komai ba ne!" muryarsa ta fito daga cikin riga. "An yi lissafinsa!"

Sai aljihunansa suka fara aikinsu. Alawa ta zubo, kusan guda ashirin, alhali likita ya hana shi zaƙi tun bara, ya kuma rantse wa Auta ya daina. Sifana lamba goma da ya zargi Mai Aski da ɗaukewa ta faɗo. Sannan wani ɗan ƙarfe ya zullo, ya yi tsalle sau biyu a kan katakon da ya rufe ramin, ya sami tsaga, ya shige. Kowa ya ji ƙarar faɗawarsa cikin baƙin mai.

Mai Aski ya yaye masa rigar daga fuska. "Injiniya, mene ne wancan?"

Injiniya ya bi tsagar da ido. "Makullin ne."

"Ina ɗayan?"

"Guda ɗaya ne. Don tsaro."

"To ka tsaru," in ji Tela.

Aka ja sitiyari, ko motsi. Mijin Auta ya kawo guduma, Injiniya ya yi ihu kada a taɓa masa fasaha. Wani ya ce a yanke bel, Tela ya ce in an yanke da ka zai sauka. Wata tsohuwa ta ce a zuba masa ruwa, aka zuba, ya shige masa hanci. Mai Aski ya naɗe hannun riga, ya ɗaga katako, ya cusa hannu cikin baƙin mai har kafaɗa yana lalube, yana fito da noti da tsumma da wani takalmi.

"To sabon mutum," in ji Tela, "tun da kana nan, wane ne kai?"

"Ni ne mana! Ni ne! Ku sauke ni!"

"Wane kai?"

"Injiniya! Wa kake zato?"

"Au, ashe ba a sami canji ba."

Fuskarsa ta yi jajir, jijiyoyin wuya suka tashi. Bel ɗin kafaɗa ya saki kaɗan, ya zame, tsakar kansa ta tokare da wani sandan ƙarfe da ke ƙasa. Duk nauyin jikinsa, da tumbin da ya tara shekara da shekaru, ya sauka a kan wuyansa. A daidai nan maɓallin aljihun ƙirji ya gaji ya ɓalle. Hoton ya fito, ya yi lilo a iska, ya sauka a gaban Tela.

Tela ya ɗauka ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi. Hoto ya bi hannu-hannu, duk inda ya je dariya ta mutu. Ya isa wurin Auta, ta daɗe tana kallon jaririyar da ke goye, sannan ta tsallaka titi ta kai wa uwarta.

Injiniya yana ganin komai a kife. Titi ya zama rufi, mutane suna rataye a jikinsa. Sai ya ga wasu ƙafafu suna tahowa cikin silifa, dugadugansu duk faso, irin wanda siminti ke bari ba ya warkewa. Ya san su. Shekara talatin yana gane mutane ta ƙafafu daga ƙarƙashin mota, amma bai taɓa tsayawa ya dubi waɗannan ba. Kunya ta kama shi, ta fi ciwon wuyan zafi.

Maman Auta ta durƙusa. Ta ciro tawul daga kafaɗar Mai Aski, ta murɗe shi ta naɗe ya zama gammo cikin ƙiftawar ido, yadda hannu ya saba. Ta ɗaga kansa da tafin hannu ɗaya ta cusa gammon tsakaninsa da ƙarfen.

"Kada ka karkata wuya," ta ce. "Ka miƙe shi, nauyin ya bi ƙashin baya. Haka ake yi."

"Maman Auta, haka yake da nauyi?"

"Kai fa minti goma kacal ka yi."

Hawaye suka zubo masa, suka bi goshi suka shige gashi, don su ma hanya ta juye musu.

"Jama'a!" ya ce da muryar da ta shaƙe. "Ita ta gina gidan can! Rani biyu tana jido ruwa! Ni nuni kawai na iya! Ƙarya na yi ranar Lahadi! Maman Auta, ki yafe mini!"

"Na samu!" in ji Mai Aski, ya ɗago hannu baƙi ƙirin da makulli.

Aka zura, aka murɗa, sakata ta saki. Ba wanda ya tuna ya riƙe sitiyari. Kujera ta yi juyi biyu da rabi kamar fanka, ta tsaya a karkace, aka kwance bel, Injiniya ya zube cikin tarin tayoyi. Auta ta yi masa fifita da kwali. Da numfashi ya dawo masa, tsohon hali ya biyo shi a guje.

"To kun dai gani da idonku," ya ce daga kwance. "Na'ura ta yi aiki. Kai mijin Auta, rufe but ɗin nan, a mayar da akwati cikin gida."

"A'a," in ji Maman Auta. "Tsaya tukuna. Wancan mai kai a ƙasa na ji shi, na kuma yafe masa, ko da yake bai yi mini komai ba. Mutumin kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Amma ni na tsaye ne ya ci mini mutunci. Kai ka koyar da mu. Har yanzu ban ji daga bakinsa ba."

Tela ya zauna a ƙasa don dariya. "Ilminka ne, Injiniya! Ba a kama wani da laifin wani, ba a kuma yafe wa wani da tuban wani!"

Injiniya ya dubi jama'a, ya dubi motar da but ɗinta ke buɗe. Mijin Auta ya duba agogo, huɗu saura minti biyu. Injiniya ya dafa taya ya yunƙura, jiri ya mayar da shi. Mai Aski ya miƙo hannu, ya bar masa tambarin yatsu biyar a farar riga. Maman Auta ta ce a sake shi, ba ta son na jingine. Ya tsaya da ƙafafunsa, yana tangaɗi, babu hula, babu tabarau. Muryar nan ta cikinsa ta taso kamar kullum, Injiniya guda, a gaban mutane? Ya haɗiye ta da ƙyar, kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Ni ne na faɗa," ya ce. "Babu wani na tsaye, babu na kwance. Ni ne, kuma na san ƙarya nake yi tun ina faɗa. Ke kika ɗauki gidan nan a kanki. Ki yi haƙuri, kada ki tafi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta saka hoton a aljihunsa da hannunta, ta ce a kai wa Tela rigar ya gyara maɓallin. Sannan ta ɗauko gammon ta ɗora masa a ka.

"To ɗauko mini akwatina."

Aka tsallaka titi, mijin Auta da Mai Aski suka kama suka ɗora masa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, idanunsa suka firfito. Taku biyar ne zuwa falo, amma a na biyu ya tsaya.

"Maman Auta, me kika zuba a ciki haka?"

"Kayana ne. Da bulo ɗaya."

"Bulo?"

"Na katangar baya. Rabona na fara kwashewa, da ɗaya-ɗaya zan riƙa zuwa ina ɗauka." Ta wuce gabansa ta ɗaga masa labule. "Miƙe wuyanka, Baban Auta. Guda ɗaya ne fa."